Dutse Mai Ido da Tabon Hannun Surukina

Surukina ya rasu ranar Asabar da hantsi, bayan jinyar mako uku. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Yau aka yi sadakar arba'in, jama'a sun watse, na wanke tukwane na kife, sannan na ɗauko fensir da ragowar littafin da aka ba mu a ajin yaƙi da jahilci. Rubutuna ba na nuna wa mutane ba ne, amma in ban sauke abin nan a takarda ba zai ci gaba da cin raina. Sunansa kam ba za ku gani a nan ba. Shekara goma sha huɗu ina gidansa a Sharaɗa ban taɓa kama sunan ba, ba kuwa yau zan fara ba. Baba nake ce masa.

Ranar rasuwar, kafin azahar, ma'aikatan kamfanin fata na Bompai suka iso a kan kekuna suka jingine su a katangarmu. Sun sa rigunansu na Juma'a, amma warin jima bai bar jikinsu ba, har cikin gida muna jin sa. Ina tsaye bayan zaure ina miƙa butoci nake jin maganarsu. Wani ya ce tun Baba yana kantin sayen fata a cikin gari, har aka buɗe kamfani aka ɗauke shi aikin tantancewa, bai taɓa kiran fata mai lamba biyu da lamba ɗaya ba. Wani dillali da na sha jin labarin rigimarsu ya fashe da kuka a gaban mutane, ya ce, "Sau uku yana mayar mini da kaya, kuma duk sau ukun shi ne da gaskiya." Liman ya rufe da cewa mutum ne da harshensa bai san hanyar ƙarya ba. Kowa ya ce haka ne.

A cikin gida zancen daban ne. Mata suna gaisuwa, idanunsu na kan alkukin da ke jikin ɗakin Baba, inda wani dunƙulallen dutse yake naɗe cikin tsumma. Rana ta take, inuwa a gindin bangon nan kawai take, amma ba wadda ta zauna a wurin. Tsohuwar ungozomar unguwa ta ba alkukin baya tun shigowarta har fitarta. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko tare da dutsen za a binne Baba, ko kuwa kogi za a kai abin. Na ce mata dutse ne, gaɓoɓinsa goma sha ɗaya, in tana so in sauko mata da shi ta ƙirga. Ta ja mayafinta ta bar ni tsaye.

Kada ku ɗauka jarumta ce. Ni matsoraciya ce ta gidan gaba. Ƙadangare ya faɗo daga azara sai na zubar da ƙwarya, tsawa kuwa har yau ƙarƙashin zane nake shiga. In kun ga na iya tsayawa gaban dutsen nan, Baba ne ya tsayar da ni, kuma labarin da nake so kada ya bi shi kabari ke nan.

Shi mutum ne da ba ya barin abu ba gida. Goro ma in ya saya sai ya kasa shi uku a kan buzu kafin ya ɓare ɗaya: na baƙi, na gida, na kyauta. In wani ya yi ihu ya ce ga ƙwaro, Baba ba ya neman takalmi, sai ya tambaya, "Ƙafarsa nawa?" Ya tsani a ce "abin nan". Yakan ce wanda ya ce "abin nan" bai duba ba ne, kuma rabin tsoro rashin dubawa ne. Maigidana, ɗansa, da yake aiki a injin matsar gyaɗa kusa da su, ya ce in ka ga Baba a bakin aiki sai ka tsaya kallo. Zai ɗaga fata ya saita ta da haske, ya bi ta da babban yatsa, ya shinshina, ya wurga ta tarin da ya dace da ita. Yankan wuƙa, tabon kaska, ƙazuwa, ba abin da ke wuce shi. An taɓa tura masa kan sukari har gida don ya rufe ido a kan wata dila, ya ɗora sukarin a bayan keke ya mayar tun kafin ya cire hularsa.

Duk wannan a bakin wasu na ji, don tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Na san tarinsa, na san ƙarar kekensa, na san fason dugadugansa. Fuskarsa da hannuwansa kuwa, da an ce in siffanta su a wancan lokacin, da na gaza. In ajiye akushi a bakin ƙofa, in durƙusa, idona a ƙasa, in tashi. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. In miya ta yi daɗi sai ya fito tsakar gida ya dubi akuya ya ce, "A gaya wa masu gida miyar yau ta yi." Matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, saboda haka akuyar nan ce jakadiyarmu. Da na binne ɗana na biyu, kwanansa goma sha shida a duniya, Baba bai ce mini komai ba. Na tashi da safe na tarar da jar fatar akuya mai laushi a ƙofar ɗakina, an jeme ta har ta zama kamar zane, don in riƙa zama a kai.

Dutsen ya shigo gidanmu da bazara, kafin a sami 'yancin kai, ina da cikin wata biyar na uku. Wata dilar fata ce ta fito daga can arewa, wajen Azbin, aka cusa duwatsu a tsakiyarta don ta yi nauyi a sikeli. Da aka kwance, ɗaya ya faɗi a siminti ya rabe biyu. Leburori suka ga abin da ke ciki suka watse, Baba ya sa shi a aljihu ya zo da shi gida. Ba wanda ya gaya mini. Na shiga ɗakinsa shara bayan ya fita, na ɗaga faifai, sai ga ido biyu suna kallona.

Wallahi ido ne. Baƙin abu ne wuluk, tsawonsa kamar yatsana na tsakiya, ya ɗan lanƙwashe, jikinsa gaɓa-gaɓa, goshinsa a kumbure da ƙuraje, idanun sun fito zuru-zuru a gefe biyu. Ba sassaƙa ba ce, ko ni da ban san komai ba na ga ba hannun mutum ya yi ba. Daidai lokacin abin da ke cikina ya motsa. Ban san yadda na fito ba, na dai ji ni a ƙasa gindin turmi, maƙwabta suna yayyafa mini ruwa.

Kwana biyu sai ga Inna daga Panshekara. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta raine ni a can kusa da kogin Challawa, kuma ban taɓa musa mata ko da sau ɗaya ba. Ta zauna da ungozoma a ɗakina suka yi ta jinjina kai. Ungozoma ta ce mai ciki ba ta kallon mummunan abu, balle ta haɗa ido da shi. Inna ta ce wannan daga gani na ruwa ne, kuma mutanen ruwa in sun ga mace mai wabi, wadda 'ya'yanta ba sa zama, musanya suke yi mata.

"To in abin ya zo da alama fa?" in ji ungozoma.

"Sai a yi yadda ake yi," in ji Inna. "A kai bakin Challawa a ajiye, a koma nesa a jira. In mutum ne za a tarar da shi. In ba mutum ba ne, ya koma wurin danginsa."

A gabana suka faɗa, kamar suna zancen daka. Na taso ina jin ana yin haka, ban dai taɓa jin wanda aka koma aka tarar ba.

Daga ranar na daina cin abinci. In cikin ya motsa sai in ji kamar ƙafafu da yawa ne ke yawo, ba biyu ba. Ko tsakar rana ba na yarda in wuce ta ƙofar ɗakin Baba, sai in zagaya ta bayan rumbu. Maigidana ya ga ina ƙarewa, ya je ya durƙusa ya roƙi mahaifinsa ya jefar da dutsen. Rigimar da ban taɓa jin irinta a gidan ba ke nan. Baba ya ce ba ya yar da abin da bai san gidansa ba. Maigida ya ce, "Baba, ɗa ya fi dutse." Baba ya ce, "In na jefar da shi yau, ta tabbata abin tsoro ne, kuma zai bi ta har ɗakin haihuwa ko yana ƙasan rijiya." Kwana huɗu ba su ci a akushi ɗaya ba. Ni kuwa a zuciyata na zagi tsohon nan, Allah ya yafe mini, na ce taurin kansa zai kashe mini na uku.

Ashe yawo yake yi da dutsen. Ya kai wa malamai biyu, ɗaya ya ce a tofa a binne, ɗaya ya ce bai sani ba. A ƙarshe ya sami wani injiniya mai haƙa rijiyar burtsatse a Bompai, mutumin kudu da ya yi karatun duwatsu, ya tsare shi lokacin cin abinci. Mutumin ya kawo littafi mai hotuna, suka yi kwana uku suna zama a kan bututu, Baba yana tambaya kamar mai shari'a.

Wata Juma'a bayan la'asar ina kwance a ɗaki na ji tarinsa a bakin ƙofata, inda bai taɓa tsayawa ba. Na ji ya shimfiɗa buzu ya zauna. Asabari ne kawai tsakaninmu.

"Asabari," ya ce, "ka gaya wa mai ɗakin nan ba tashi zan yi ba sai ta miƙo hannu."

Ya turo faifai ta ƙasa, dutsen a kai. Na manne da bango ina kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce mu fara da abin da ba shi ba ne. Kifi ƙashinsa a ciki yake, wannan nasa a waje, to ba kifi ba ne. Kunama tana da ƙari a wutsiya da hannuwa masu matsewa, in duba, akwai? Na leƙa da ido ɗaya na ce babu. Ƙadandoniya doguwa ce a mulmule, wannan kuwa a baje yake. Ya ce amma duk masu sulke a waje da jiki gaɓa-gaɓa, masu saɓa in sun girma, da su da ƙaguwa, dangi ne na nesa, kamar mu da mutanen Zawaciki inda aka haife shi.

"Sa yatsa a bayansa, daga hagu zuwa dama. Tudu nawa kika hau?"

Ban san lokacin da ya daina yi da asabari ya koma yi da ni ba. Na taɓa. Sanyi ne da shi, irin na kowane dutse. Na ce uku, na tsakiya ya fi tsayi. Ya ce madalla, sunan babban gidansu ke nan, tirilobayit, wato mai tudu uku. A cikin babban gidan akwai ƙananan gidaje ba iyaka, ya gan su a littafi: wasu da ƙaho a kumatu, wasu da tsinke a wutsiya, wasu makafi ne sam. Ana raba su da ido, da goshi, da yawan gaɓa, kamar yadda yake raba fatar Sakkwato da ta Barno. Ya sa ni na kai dutsen wajen haske na dubi idon da kyau. Ashe ba ƙwaya ɗaya ba ce, ƙananan ƙwayoyi ne a jere sahu-sahu kamar masara a jikin goyonta. Ya ce masu irin wannan idon, da goshi mai ƙuraje, da kumatu a mulmule ba ƙaho, da gajeriyar wutsiya, sunan gidansu Fakos. Sai ya ce in ƙirga gaɓoɓin da ke tsakanin kai da wutsiya. Na bi su da farce. Goma sha ɗaya.

"Haka gidansu yake, ba ƙari ba ragi," ya ce. "A teku suka zauna, can inda raƙuma ke tafiya yanzu, tun Allah bai halicci mutum ba. Sun ƙare kaf. Ba shi da sauran dangi ko ɗaya a duniya da zai zo neman ki, ko a Challawa ko a wani kogi."

Ya ƙara da cewa, "Kin ga ya fara naɗewa? Injiniya ya ce haka suke yi in sun ji tsoro, su dunƙule kamar bushiya. A haka ajali ya same shi. Shi ma matsoraci ne irinki."

Ban san dariya za ta zo mini ba, sai da na ji ta fito tare da majina. A yammacin nan na ci tuwo malmala biyu. Tausayin abin ma ya kama ni, na ce bawan Allah, ko me ya firgita shi.

Kuskuren nawa ne. Da Inna ta dawo zaman jiran haihuwa, sai na shiga yi mata burga. Na ce abin nan ba na ruwan Challawa ba ne, sunansa kaza, tudunsa uku, gaɓarsa goma sha ɗaya, ni da kaina na ƙirga. Inna ta dube ni ta ce, "Har taɓawa kika yi?" Ta ci gaba da tsinkar zogale.

Na haihu ranar Alhamis da hantsi, damina ta yi tsakiya, tun asuba ake ruwa. Maigida ya riga ya fita aiki cikin ruwan, Baba yana zaure yana jira a ɗauke. Mace ce. Ta zo a dunƙule, ba ta yi kuka nan take ba, idanunta a buɗe tar. Ungozoma ta yanke cibiya ta fara yi mata wanka tana surutu, sai na ji surutun ya tsaya. Ta kira Inna da ido. Suka sunkuya a kan hannun hagu. A gefen ƙaramin yatsa ga wani ɗan yatsa yana reto, har da farcensa.

Inna ta juyo ta ce, "Nawa kika ce gaɓoɓin abin nan?"

Biyar da shida ko jaki ya san nawa ne. Na san ana haihuwar masu cindo, yatsa na shida, na ma san wata mai shi a Panshekara, amma a wannan sa'ar duk ya fice daga kaina. Abin da nake gani kawai farcena yana bin gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na taɓa, ni na ƙirga, ni na jawo.

"Gida za mu tafi da ke wanka," in ji Inna. "Yau ɗin nan, da an ɗauke ruwa."

Haƙƙinta ne ta tafi da ni wankan jego, ba mai hana ta. Kuma duk mu ukun mun san gidan Inna da bakin kogi ba nisa, mun san kogi ya cika ya batse. Ungozoma ta naɗe jaririyar ta ajiye ta can ƙarshen tabarma, ba a jikina ba. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maigida: ban ce a'a ba. Ban miƙa hannu na ɗauke ta ba. Tana ta ɗan motsi da baki tana neman nono, ni kuwa ina tsoron ta.

Sai muka ji tari a bakin ƙofa. Kafin a ce wani abu an ɗaga asabari, Baba ya shigo ɗakin surukarsa, ɗakin haihuwa, jini ko gogewa ba a gama ba. Inna ta yi salati ta jefa mini zane. Shi ko kallonmu bai yi ba.

"A ba ni amaryata," ya ce.

Ya ɗauke ta da kansa, ya yi mata kiran salla a kunne, sannan ya matsa bakin ƙofa ya saita ta da haske, yadda aka ce yana yi wa fata. Ya ƙirga yatsun ƙafa a bayyane. Ya ƙirga hannun dama. Ya zo hagu ya tsaya. Ranar na fara ɗaga ido na kalli surukina, na ga ya kafe ɗan yatsan nan da ido. Ya daɗe a tsaye, ruwa na zuba daga indararo. Na ce a raina shi ke nan, shi ma ya gani.

Sai ya yi wata 'yar dariya. Ya rungume ta da dama, ya miƙa wa ungozoma hannunsa na hagu.

"Ke da kika daɗe kina karɓar haihuwa, duba mini nan."

A gindin ƙaramin yatsansa, ta gefe, akwai tsohon tabo da ɗan ƙululu, daidai inda na jaririyar yake. Ungozoma ta shafa, ta sake shafawa. Ta ce, "Au, Malam, ashe cindo gare ku?"

Baba ya ce, "Yarinyar nan ta gidan nan ce. Lamba ɗaya ce."

Inna ta matso ita ma ta duba, ta sauke ajiyar zuciya ta ce ashe gado ne, Allah ya tsare mu da aikin gaggawa. Baba ya ce itace na nan jibge, a nan za a yi wanka, ba inda za a kai masa amarya cikin ruwan nan. Sannan ya durƙusa ya ɗora mini ita a cinya da hannunsa, ya ce, "Ba ta ta sha." Na karɓe ta ina kuka, kukan kunyar abin da na kusa yi, su kuwa suka ɗauka na murna ne.

Ranar suna wanzami ya ɗaure ɗan yatsan da zare, bayan kwanaki ya bushe ya faɗi, ya bar ɗan tabo irin na kakanta. Yarinyar ta zauna. Shekararta tara yanzu, ga ƙanne biyu a bayanta. Tsakaninta da Baba sai wanda ya gani. Ya ce mata amarya mai rowa, ta ce masa tsoho mai warin akuya, ba za ta aure shi ba sai ya sayi mota. Da dutsen nan ta koyi ƙirga. In an zo auna gonakin Sharaɗa ana kafa turaku, ana cewa kamfanoni za a gina, su biyu suke zuwa kallo, su dawo yana mitar ma'aunan ba su san sunan ko ciyawa ɗaya da suke takawa ba. Matan unguwa dai ba su taɓa sakin jiki da alkukin ba, amma ba wadda ta ƙara ɗaga gira a kan 'yata.

Abu ɗaya ya canza a Baba tun daga haihuwar nan: ya ɗauki azumin Alhamis. Da zafi, da sanyi, da aiki, bai taɓa sha ba. Ko a jinyar ajali, Alhamis ta zo ya ture kokon kunu. Na ɗauka godiya ce yake yi wa Allah, har nakan yi masa fura mai kyau don buɗa baki.

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, maigida ya kira ni ɗakin Baba. Ba komai a ciki sai buzu da buta. Ya zauna ya daɗe yana murza hularsa.

"Saƙo ya bar miki," ya ce. "Tabon nan na hannunsa ba cindo ba ne. Wuƙa ce. Ranar Layya a Zawaciki yana fiɗar rago ta zame, ina tsaye a wurin. Duk danginmu ba mai cindo."

Na ce, "Malam, me kake faɗa?"

Ya ce da ya dawo daga aiki ranar haihuwar, Baba ya tare shi a zaure ya sa shi ya yi alkawarin rufe baki. Baba ya ce masa da ya shiga ya ce wa su Inna haramun ne, kisan kai ne, da sun ce to, su jira ya hau keke. Ya ce shi ma da ya ƙirga ya sami goma sha ɗaya sai da gabansa ya faɗi, duk da ya san dutse dutse ne, kuma bai ga wata hanya ba sai hannunsa. Kwana biyu kafin ya cika ya ce a gaya mini: bakinsa bai faɗa ba, amma hannunsa ya faɗa, kuma ya bar mu mun gaskata. Shekara tara yana tsoron ranar da za a tambaye shi. Ya ce in yafe masa, don ni ya fi ruɗa.

Na zauna a kan buzun Baba. Tsoron da ya cire mini shekara tara ya dawo gaba ɗaya, amma ba na dutse ba. Da wuƙar nan ba ta zame ba. Da hannun dama ta yanka. Da ruwa ya ɗauke da wuri Baba ya fita aiki. Na ga tabarmar nan, da ƙullin zane a ƙarshenta, da hannuna da ban miƙa ba. Na ce na yafe, na yafe duniya da lahira, ni ce ma ya kamata in nema. Allah ka ji, in akwai laifi a abin da bawanka ya yi, kada ka ɗora masa.

Yau da ake shirin watsewa, Inna ta kira 'yata. Ta tsufa, ido ya tafi, da hannu take gane mutane. Ungozoma na zaune kusa da ita, da matan unguwa wajen goma. Ta lalubi hannun hagun yarinyar ta sami tabon, ta shafa shi a hankali.

"Allah sarki, ga gadon kakanki nan," ta ce. "Mutumin da bai taɓa ƙarya ba." Sai ta juyo inda take jin numfashina. "Ko ba haka ba?"

Yarinyar ta ɗago tana kallona tana murmushi.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Shi da hannu ya yi, ni da baki na yi. Takardar nan zan naɗe ta tare da dutsen in sa a ƙasan adaka, sai 'yata ta yi hankalin da za ta karanta. Gobe Alhamis, na riga na ajiye tuwon sahur.